Kayan Suna Kan Ruwa

A layinmu idan aka ce "suna kan ruwa", ko yarinyar da ake aika sayen magi ta san zancen da ake yi. Kayan oda ne daga Chana. Kusan kowane gida akwai mai jiran wani abu a kan ruwan nan, wata kuloli, wata saitin tukwane, wata takalman yara, wata labule da zanin gado. Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, iyakar ruwanmu Tiga ne da Challawa, amma yanzu tekun ya shigo mana har tsakar gida, da shi ake kwana da shi ake tashi.

Wata Asabar cikin damina, bayan la'asar, muna gidan Inna ana tsinkar zogale, sai ga amaryar gidan bene ta shigo da waya a hannu tana fara'a. An buɗe sabuwar oda, in ji ta, wasu filas-filas ne na shayi masu ruwan zinariya, saura mutum huɗu a rufe. Hajiya ta gidan kwana ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, amarya. Amma kafin ki tura kuɗi ki tambayi mai odar wata nawa. In ta ce miki sati shida, ki ce ina gaishe ta."

Aka yi dariya, ban da Hajiya. Duk mun san abin da ya sa.

Ni dai ba na cikin masu zagin oda. Haɗaka ba baƙuwarmu ba ce. Mu ne masu adashi, mu ne masu watanda, a haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka a kasa, kowa ya ɗauki kashinsa. Tun kafin a yi waya muna da sautu, wani zai tafi Makka ko Kwatano a damƙa masa kuɗi ya sayo. Oda duk waɗannan ce a haɗe. Kamfani a Yiwu ko Gwanzu ba ya sayar da kula ɗaya, sai katan. Yarinya mai wayo sai ta koyi shiga manhajar 1688, ta kamfanin Alibaba, inda su kansu 'yan Chana suke sari, ta ɗauko hoto ta sa a guruf na WhatsApp, mutum ashirin su taru su cike katan ɗin. Ko bayan an biya kuɗin jirgi, kayan sukan zo da sauƙi idan aka gwada da kasuwar Sabon Gari. Na san 'yan mata da suka gama jami'a ba aiki, da wannan suke rufa wa kansu asiri, har su ɗauke wa iyayensu cefane. Sai dai san watanda a ƙofar gida ake ɗaure shi, kowa ya zo ya shafa tozonsa. Wannan kuwa hotonsa kawai muka gani.

Abin da ya sami Hajiya a gabanmu aka yi shi. A makon farko na Janairun 2025 wata ƙanwarmu a bayan layi, yarinya mai ladabi wadda duk mun san iyayenta, ta buɗe odar kayan kicin. Mu goma sha ɗaya muka shiga daga unguwar nan, ban da na wasu unguwannin. Ni kuloli na sa, saiti biyu. Hajiya kuwa kicin ɗin 'yarta gaba ɗaya ta ɗora a kai, domin an sa biki a ƙarshen Sha'aban, kamar yadda muka saba cunkusa bukukuwa kafin azumi. Sau biyu ta tambaya, ina zaune: "Za su iso kafin jere?" Aka ce mata sati shida in sha Allahu. Ta ƙirga da yatsu, ta ga akwai rarar kwana goma a tsakani, ta tura kuɗi.

Sati na huɗu aka fara tambaya. "Suna kan ruwa." Sati na shida, "suna kan ruwa, a ƙara haƙuri." Daga nan sai aka kulle guruf, ba mai iya rubutu sai ita, ita kuma ba ta rubutawa. A kira waya ta yi ta ƙara har ta katse. Saura kwana biyar jere Hajiya ta sayar da ɗan kunnenta na gwal, ta shiga Sabon Gari da tsakar rana ta sayi abin da ta samu, a kuɗin da mai shago ya ga dama, domin ya karanta gaggawa a fuskarta. An yi biki lafiya, asiri ya rufu. Amma ɗan kunnen nan gadon mahaifiyarta ne.

Cikin azumi, bayan an sha ruwa, na yafa mayafi na tafi gidan su yarinyar da faɗa cike da bakina. Na same ta a ɗakin mahaifiyarta, ta rame, wayar tana kife a ƙarƙashin filo. Da ta jawo ta, saƙonni sun haura ɗari uku ba a buɗe ba. Kafin in zauna ta ce, "Anti, wallahi ban ci kuɗin kowa ba." Ta ɗauko wani littafi irin na 'yan firamare, kowa da sunansa, da abin da ya biya, da ranar da ya biya. Ta nuna min rasit-rasit, ta nuna min hirarta da wakilin da ke karɓar kaya a Gwanzu, da wani Turanci tsinke-tsinke na injin fassara.

A littafin nan na ga inda aka fara karkacewa. Ta ce za ta rufe oda ranar 10 ga wata, amma wasu daga cikinmu ba su cika kuɗinsu ba sai ranar 20. Yau "maigida bai dawo ba", gobe "banki ya ƙi tafiya". Ita kuma ba ta da jarin da za ta cike musu, ga nauyin cire sunan maƙwabciya. Kafin kuɗi su isa kamfani, Chana ta shiga shirin sabuwar shekararta, wadda a 2025 ta faɗo ranar 29 ga Janairu. Ita ce babbar sallarsu. A waccan shekarar hutun gwamnati kwana takwas ne, amma ma'aikatan masana'antu daga garuruwa masu nisa suke, sukan fara tafiya gida tun saura sati ɗaya ko biyu, kuma ba sa gama dawowa sai tsakiyar Fabrairu. Ranar da ta fara rubuta mana "suna kan ruwa", tukwanen Hajiya ko kwali ba su shiga ba.

Na ce, "To ƙanwata, me ya hana ki faɗa?"

Ta daɗe tana murza bakin hijabi, sannan ta ce, "Anti, da wane baki zan gaya wa Hajiya? Ƙawar mamata ce, a bayanta aka goye ni. Kullum sai in ce bari zuwa gobe, ƙila wakilin ya turo labari mai daɗi, sai in haɗa in faɗa gaba ɗaya."

Faɗan da na zo da shi a nan ya mutu, domin na san amsar nan. Tamu ce. Mun taso an koya mana cewa mummunan labari ba a faɗarsa gatsal. Mara lafiya yana kwance rai a hannun Allah, a zo dubiya a ce "da sauƙi". Tela bai ko yanka atamfa ba zai ce "gobe ki turo yaro". Ba ma son mu zama bakin da ya ɓata wa babba rai, sai mu lulluɓe magana, idan lulluɓin ya ƙare mu ɓuya. Kara ce da kunya, kuma a gidan jinya da gidan gaisuwa ina son su, ba na fatan mu rasa su. Amma idan kuɗin mutum suna hannunki, kuma yana da rana a gabansa, wannan kunyar cuta take yi. Da a ƙarshen Janairu aka gaya wa Hajiya gaskiya, tana da wata guda cur. Za ta shiga kasuwa a tsanake, yau ta sayi wannan, jibi ta taya wancan, ta jira kwasar adashinta, ta nemi 'yan'uwa su kama mata. Jinkirin ba yarinyar kaɗai ta jawo shi ba, akwai hannunmu, akwai na Chana. Amma watan nan da ta ɓoye na Hajiya ne. Ba ta ci kuɗinta ba, lokacinta ta ci, kuma shi ne ya tafi da ɗan kunnen.

Shi kansa "sati shida" sai daga baya na gane inda ya samo asali. Ƙanin maigidana yana harkar yadi a Kantin Kwari, ya yi shekaru yana shigo da kaya. Da na ba shi labari sai ya ce, "Matar Yaya, kwantena motar tasha ce, ba ta tashi sai ta cika. Duk wanda ya ce miki sati shida, kwanakin jirgi kawai ya ƙirga miki." Ya zauna ya warware min. Kayan ruwa da girma ake auna su, da abin da suke kira CBM, wato akwatin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa mita ɗai-ɗai ne. Babbar kwantena mai ƙafa 40 tana cin fiye da 60 irin wannan. Odar unguwarmu gaba ɗaya ba ta kai biyu ba. Ke nan kayanmu za su zauna a sito a Gwanzu har sai na mutane da yawa sun taru, na Legas, na Anaca, na Kano, sannan a loda. Bayan lodi a jira ranar tashin jirgi. Jirgin ya ratsa ta wajen Singafo, ya keta tekun Indiya, ya zagayo ta ƙarƙashin Afirka ta Kudu, sau da yawa ya tsaya a wasu tashoshin kafin Legas. Wannan kaɗai sati biyar ne zuwa bakwai.

Kuma isowa Apapa ko Tin Can ko sabuwar tashar Lekki ba isowa gida ba ce. Akwai layin saukewa, akwai kwastan, akwai biyan haraji. Abin da ya fi ba ni tsoro a bayaninsa shi ne, idan mutum ɗaya cikin masu kwantenar ya cusa abin da aka hana, ko ya rubuta takalma alhali magani ne a ciki, kwantenar gaba ɗaya ake riƙewa, kulolina da tukwanen Hajiya su kwana a tasha saboda wanda ba mu taɓa jin sunansa ba. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki tun Janairun 2023, amma namu kayan a Legas aka fito da su, aka ɗora a tirela, tafiyar kilomita kusan dubu ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa. In komai ya tafi daidai, in ji shi, ki sa wata biyu zuwa uku. In hutu ya gifta, ki ƙara.

Na tabbata yawancin masu buɗe oda sun san wannan lissafin, ko sun sani daga zagaye na biyu. Abin da ke hana su faɗa shi ne tsoron mu gudu. Kuma gaskiyarsu, mukan gudu. Mai cewa wata uku sai mu bar ta mu tafi wajen mai cewa sati shida, alhali kayansu a jirgi ɗaya za su zo. Mu muka koya musu abin da kunnenmu yake so.

Sauran halayenmu ma ba ɓoyayyu ba ne. An biya kamfani, sai mace ta tuna cewa ruwan toka take so ba ja ba. An yi bayani a guruf, ba za mu karanta ba, sai mu bi yarinya ta bayan fage mu ashirin da tambaya iri ɗaya, wata ƙarfe ɗayan dare. Idan abu ya yi tsami kuma ba ma zuwa mu zauna da ita, ita ma kunyar ce ta hana mu. Sai mu kai zancen gidan suna, mu ɗora habaici a sitatus, kafin a ankara kalmar "ɓarauniya" ta zagaye unguwa ta dawo kunnen mahaifiyarta. Sai kuma rigimar ciko. Kuɗin jirgi da dala ake lissafa shi, kuma sai kaya sun iso ake biya. Waɗanda suka yi oda a ƙarshen 2023 sun ji jiki, lokacin dala tana wajen naira 1,200 a kasuwar canji ta Wapa, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Aka turo ciko ya yi tsalle, wasu suka ce ba da su aka yi haka ba, suka bar wa mai oda kwalaye jibge a ɗaki da bashin wakili a wuyanta. Amma a nan ma idan kika bi diddigi, ba a gaya musu tun farko cewa cikon yana bin dala ba.

Kuma kada a ce muna zargi ba dalili. Akwai ɓarayin gaske a harkar nan, masu tara kuɗin mata su karya layin waya su bar gari. Kowace a cikinmu ta san wadda aka yi wa. Daga waje, shirun mai gaskiya da shirun ɓarawo kamarsu ɗaya. Wadda ta kife waya saboda kunya ta sa kanta cikin rigar da ba tata ba, kuma ba mai iya cire mata sai bakinta.

A zaman zogalen nan Malamar Islamiyyarmu tana nan, ita ce ta mayar da hirar wani wajen. Ta ce biyan kuɗi kafin a karɓi kaya ba sabon abu ba ne a fiƙihu, sunansa salam. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna yin sa a kan dabino, ya bar su, amma da sharaɗin a san mudu, a san nauyi, a kuma san lokacin da za a kawo. "In sha Allahu wajibi ce a bakin mumini," in ji ta, "amma bayan an faɗi rana ake faɗarta, ba a madadin rana ba." Ta ƙara da cewa ya kamata tun farko a bambance, mai odar nan sayar mana take yi, ko wakiliyarmu ce da muka aika da lada? In sayarwa ce, kaya suna wuyanta har su shigo hannunmu. In wakilci ne, amana ce, abin da ya lalace ba da sakacinta ba, ba ita za ta biya ba. Mu kuwa ba ma tambayar wannan sai murfin kula ya iso a fashe.

Inna, wadda ta haura tamanin, tana jinmu tana murmushi. Ta ce kakanta bafatake ne, Gwanja yake zuwa sayen goro da jakai, tafiyar da sai a yi rabin shekara ko fiye ba a ga mutum ba. Mata suna ba da sautu, suna jira. "Amma duk ayarin da suka haɗu da shi a zango yana komawa gida, sai madugu ya ba da sallahu. A gaya wa mutanen Kano mun ƙetare Kwara, jaki biyu sun mutu, sauran lafiya. Babu waya, amma labari yana zuwa. Ku ga waya a hannun kowa."

A daren da na je gidan su yarinyar ban tashi ba sai da ta yi magana. Na ce ta buɗe guruf, ta ɗauki murya, kada ta rubuta. Sau uku tana farawa tana gogewa. Na huɗu ya tafi, muryar tana rawa. Ta ce ta yi kuskure, lokacin da ta ce kaya suna kan ruwa ba su bar kamfani ba. Ta ce sai wannan satin aka loda, ga lambar kwantena, ana sa ran Legas a ƙarshen Afrilu, Kano tsakiyar Mayu. Ta ce kuɗi ba sa hannunta balle ta mayar, amma duk wadda ta fasa, idan kaya sun iso za ta sayar da kasonta ta ba ta kuɗinta cif. Muka zauna muna kallon wayar. Mutum biyu suka zazzaga mata, kuma da hakkinsu. Sauran kuwa, ɗaya bayan ɗaya, "Allah ya kawo su lafiya", "da tun farko kin faɗa", "Allah ya rufa asiri". Na ga kafaɗunta sun sauka. Washegari mahaifiyarta ta riƙe hannunta suka tafi gidan Hajiya da ƙafa. Ban san abin da aka faɗa a ɗakin ba, na dai ga fitowarsu ido jajir su uku.

Daga ranar kowace Juma'a sai ta yi magana, ko da cewa za ta yi, "Yau babu sabon labari, jirgi bai iso ba." Ɗan gidan Malama ya sa lambar kwantenar a shafin kamfanin jirgin, ya riƙa nuna mana inda aka kwana, har ranar da ya shigo da gudu yana cewa sun zagayo Afirka ta Kudu. Jiran bai ragu da kwana ɗaya ba, amma ba wadda ta sake kai zancen gidan suna. An yi ƙaramar sallah ranar 30 ga Maris ba kuloli, muka zuba tuwon sallah a tsofaffinmu. Kaya suka iso tsakiyar Mayu, a adaidaita biyu, kwalaye sun sha ƙura da salatif. Da sun ƙara sati biyu a hanya da sun tarar da ambaliyar Mokwa, wadda ta ci rayuka da yawa ta karya gada ta tsayar da manyan motoci, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hajiya ta karɓi kwalayenta ba ta buɗe ba, ta sa aka ɗora su a kan sif, ta ce na ƙanwar 'yar tata da aka aurar ne idan Allah ya kawo lokacinta.

Amaryar gidan bene dai ta rubuta tambayar Hajiya yadda aka faɗa mata, ta tura. Ashe mai odar filas ɗin yarinyar nan ce tamu ta bayan layi. Ba a gama tsinke reshe biyu ba amsa ta shigo, amarya ta karanta mana da ƙarfi: wata uku zuwa huɗu. Za a rufe ranar Alhamis, wadda ba ta cika ba sai zagaye na gaba. Kuɗin jirgi daban ne, da farashin dalar ranar da kaya suka iso. Idan ba a samu lodi kafin hutunsu na 1 ga Oktoba ba, a ƙara sati biyu. Wadda take da biki a gabanta kada ta dogara da wannan odar.

Hajiya ta ci gaba da tsinkar zogalenta, ba ta ce komai ba. Inna ce ta jawo bakin zaninta ta fara kwance ƙullin, ta ce da amarya, "Sa min ƙaramin guda ɗaya, na kunun asuba. Ki ce mata Inna ce."